Mabuɗin sirri na girgije: mene ne shi, kuma yaya ake tsare shi?

Mabuɗin sirri wasu haruffa ne da lambobi da manhaja ke amfani da su wajen shaida wa kamfanin girgije ko ita wace ce. Girgije kuwa shi ne manyan kwamfutocin kamfanoni irin su Amazon, Google da Microsoft, da ake haya ta intanet. A garin iyaka kamar Ɗan Issa, inda kaya ke ratsawa tsakanin Maraɗi da Jibiya, ɗan kasuwar da aka haɗa wa manhajar lissafi na iya samun sunayen abokan cinikinsa da basussukansu ajiye a can. Duk wanda ya riƙe mabuɗin, ya riƙe sito.

Yadda yake aiki

Masu haɗa manhaja na amfani da kayan aikin da ake kira SDK. A AWS, girgijen Amazon, mabuɗin kashi biyu ne: lambar shaida mai haruffa 20, da sirrin kansa mai haruffa 40, wanda sau ɗaya ake nuna shi, lokacin ƙirƙira. SDK ba ya aika sirrin ta intanet. Da shi yake buga hatimi a kan kowace buƙata, kamfanin ya duba hatimin sannan ya buɗe ƙofa.

Inda ake yin asara

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rubuta mabuɗin cikin rubutun manhaja, sannan a ɗora shi a GitHub. Haka ta faru da kamfanin Uber na Amurka a 2016: ɓarayi sun tsinci mabuɗin AWS a ma'ajiyarsa ta GitHub, suka kwashe bayanan mutum miliyan 57. Ɓarawo kuma na iya kunna kwamfutoci da mabuɗin, kuɗin haya ya hau kan mai asusu.

Ƙa'idojin tsaro

A ajiye mabuɗi a wajen rubutun manhaja, ko a ma'ajiyar sirri irin su AWS Secrets Manager da Azure Key Vault. Kada a saka shi cikin manhajar waya, kada a tura shi ta WhatsApp. Kowane ma'aikaci da nasa mabuɗin, wanda ke buɗe abin da aikinsa ya shafa kaɗai. Mabuɗin wucin gadi, mai mutuwa da kansa bayan ƴan awowi, ya fi na dindindin. Asusun ya kasance da sunan mai kasuwa, kuma ranar da mai haɗa manhaja ya bar aiki a soke mabuɗinsa. In mabuɗi ya fita, goge rubutun bai wadatar ba: a kashe shi nan take, a ƙirƙiri sabo.

Doka

Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, ta sabunta ta a 2022, kuma hukumar HAPDP ke sa ido. Wanda ya tara bayanan jama'a, shi ke da alhakin tsare su.