Me Ya Haɗa Yaron Gyadi-Gyadi da Fari? Sake Duba Batun Ciyar da Ɗalibai a Kano

Akwai ra'ayin da ke ƙara samun karɓuwa a tsakanin masu nazarin tsare-tsaren gwamnati, kuma wani abokin aikinmu, masanin tattalin arziki, ya fi kowa iya shimfiɗa shi. Cewa yake yi, tun da kuɗin ciyar da ɗalibai bai taɓa isa ba, a daina yayyafa shi a ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano. A tattara shi a ƙauyukan arewacin jihar da damina ke yawan yi wa gardama, irin su Kunchi da Makoɗa da Ɗambatta, a cire makarantun cikin birni. Yakan kawo misali da ƙaramar hukumar Tarauni da ke cikin birni: ga rukunin gidajen Kundila, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga ma'aikata da 'yan kasuwa, babu mai rumbun da ke jiran ruwan Agusta. Sai ya rufe da tambaya: me ya haɗa yaron unguwar Gyadi-Gyadi ta Tarauni da fari? Tambaya ce mai kyau, sai dai ina ganin amsarta ba ta goyi bayansa yadda yake zato ba.

Tarihin shirin sananne ne, ba sai an tsawaita ba: ciyarwar da Kano ta fara a mulkin Kwankwaso na farko, gwajin gwamnatin tarayya na 2005, sai shirin 2016 mai ware naira 70 ga kowane yaro daga aji ɗaya zuwa uku, da dakatarwar Janairun 2024. Haka nan tarihin yunwa a ƙasar Hausa, daga Kakalaba ta 1914 zuwa farin 1972 zuwa 1974, Watts (1983) da Mortimore (1989) sun wadatar da mu.

Inda muka rabu da abokin namu shi ne ɗaukar taswirar ruwan sama a matsayin taswirar yunwa. Tun bayan Sen (1981) aka daina yi wa wannan zato kallon abin da ba ya buƙatar hujja, kuma mu nan ba sai mun je Bengal da ya kafa misali da ita ba. A 2005 yaran Maraɗi sun yi ta mutuwa da tamowa alhali buhunan gero na jibge a kasuwa, wasu ma ana lodinsu zuwa Najeriya inda farashi ya fi tsoka. Kuɗin saye ne ya gagari magidanta. To, wane ne ya fi dogara da saye? Manomin da damina ta ba shi rabin abin da ya saba samu yana da na 'yan watanni a rumbu, yana da akuyar sayarwa, yana da rama da tafasa a bayan gida. Lebura ko mai gadi ko ɗan adaidaita sahu da ke haya ɗaki guda a lungunan Gyadi-Gyadi da Unguwa Uku kuwa, kowace ƙwayar da za ta shiga tukunyarsa da awo take zuwa. Idan gero ya yi tsalle a kasuwar Dawanau, kafin mako ya zagayo kwanon awo a kasuwar Tarauni ya bi sahu. Ta wannan hanya fari ke shiga gidan da bai mallaki ko kunya ɗaya ta gona ba. Kundila gaskiya ce, amma 'ya'yan Kundila galibi ba su ne ke zaune a firamaren gwamnati ba; makarantun kuɗi suke zuwa. Wanda ya auna arzikin ƙaramar hukuma mai mutum fiye da 220,000 a ƙidayar 2006 da manyan gidajenta, ya auna waɗanda shirin bai shafa ba tun asali.

Farashin nan yana cin shirin kansa. An tsayar da kuɗin kowane kwano a takarda, daga baya aka ɗaga shi zuwa naira 100, alhali hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Matar da aka ba kwangilar girki ba ta da ikon ƙara kuɗi, ba ta kuma son rasa aikin. Abin da ke hannunta shi ne ludayi, sai ta rage shi. Ke nan a shekarar da yaro ya fi buƙatar abincin, a shekarar ce yake ƙanƙancewa.

Hanya ta biyu da fari ke shigowa birni ita ce ta ƙafa. Cin rani tsohuwar dabara ce ta rage baki a gida, kuma Mortimore ya nuna yadda take faɗaɗa a shekarar da amfanin gona ya gaza. Hoechner (2018), wadda ta yi bincikenta a Kano, ta danganta tura yara almajiranci da talaucin karkara da yanayin shekara, ban da neman ilimin da iyaye ke faɗa. Duk wanda ya san soraye da makarantun allo na yankin Tarauni ya san cewa yaran da ke riƙe da roba a bakin titin Zariya ba haifaffun unguwar ba ne.

A nan ne abokin namu yake da ƙarfi, kuma bai kamata a rage masa ba. Zai ce: ai hujjarka ta kashe kanta. Almajirin da fari ya koro ba ya cikin rajistar aji ɗaya zuwa uku, don haka ko an ninka kason Tarauni ba zai ɗanɗana ba. Zai ƙara da cewa ciyar da yaro a ƙauyensu shi ne zai hana a turo shi birni tun farko, kuma binciken lafiya na ƙasa ya sha nuna cewa tsumburewar yara ta fi yawa a karkara. Duka ukun gaskiya ne. Mafi ƙarfin shaidar da muke da ita ma ta ƙauye ce: Singh da Park da Dercon (2014) sun gano cewa a jihar Andhra Pradesh ta Indiya abincin rana na makaranta ya cike kusan duk giɓin girma da fari ya jawo wa yara. Wannan sakamako ba zai ɗauki nauyin da'awar da ta shafi birni ba, kuma ba zan ɗora masa ita ba.

Saboda haka zan taƙaita abin da nake karewa. Ba na cewa a daidaita kason Tarauni da na Kunchi. Abin da hujja ta yarda in faɗa shi ne ma'aunin rabo ya zama farashin kwano da halin gidajen da yaran makarantar suka fito, makaranta bayan makaranta, maimakon a ja layi a kan taswira a ce nan birni ne. Bisa wannan ma'auni, watakila ƙauye zai ci gaba da karɓar kaso mafi tsoka, amma da wuya firamaren Gyadi-Gyadi ta fita. Batun almajirai kuwa, gazawar rajista ce, kuma hukumar da dokar 2023 ta kafa domin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta ita ce ya kamata a tambaya ko tsangaya za ta shiga lissafin tukunya.

Akwai kuma abin da gardamar birni da ƙauye ta ɓoye mana mu duka. Lokacin da yunwa ta fi tsanani a ƙasar Hausa shi ne tsakiyar damina, daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, farashi kuma ya kai ƙololuwa. A daidai ƙarshen wannan lokaci makarantunmu ke tafiya dogon hutu, tukunya ta tafi tare da su, kamar a haƙa rijiya a rufe bakinta da bazara. Kotun Ƙolin Indiya ta lura da irin wannan giɓi, inda a 2004 ta umarci a ci gaba da ba da abincin rana ko a lokacin hutu a yankunan da fari ya shafa. Mu kuwa gwajin da muka yi na kai abinci gida a kullen korona na 2020 ya bar zargi mai yawa, har ya sa mutane ke ɗari-ɗari da duk wata ciyarwa da ba a cikin aji ba. Amma dafa abinci a harabar makaranta, a kira suna daga rajista a gaban kwamitin iyaye, ya fi sauƙin bibiya nesa ba kusa ba a kan rabon buhuna gida-gida. In har za a tsimi kuɗi kamar yadda abokin namu ke so, ina ganin gara a rage kwanakin ciyarwa na bayan kaka, lokacin da hatsi ke araha, a mayar da su makonnin Agusta, a Makoɗa da Gyadi-Gyadi baki ɗaya.