The Buggles: Ƙungiyar Da Waƙarta Ta Buɗe Tashar MTV

The Buggles ƙungiya ce ta mutum biyu kacal, Trevor Horn da Geoff Downes, waɗanda suka kafa ta a birnin Landan a 1977. A 1979 suka saki waƙarsu "Video Killed the Radio Star", ta kuwa haye mataki na ɗaya a Birtaniya. Saƙon waƙar shi ne bidiyo ya zo ya kashe wa mawaƙan rediyo kasuwa. Sai ga shi ranar 1 ga Agusta, 1981, da tashar MTV ta fara aiki a Amurka, bidiyon wannan waƙar aka fara haskawa!

Masoya fim, ku duba bidiyon da kyau, za ku hango Hans Zimmer, wanda daga baya ya yi kiɗan The Lion King.

Album biyu suka yi: The Age of Plastic a 1980, sai Adventures in Modern Recording a 1981. Tsakanin nan sun shiga ƙungiyar Yes. Daga nan aka raba gari. Downes ya tafi ƙungiyar Asia, Horn kuma ya zama babban furodusa, shi ya haɗa wa Seal waƙoƙinsa na farko.