Daga Tangarahu zuwa "Babu Sabis"

Abin da ke aljihun kowa yau ba shi da igiya ko ɗaya, amma waya muke ce masa. Sunan ya girmi na'urar nesa ba kusa ba. Tun zamanin Turawa, da aka kafa turaku aka ja zaren ƙarfe daga gari zuwa gari don aika saƙon tangarahu, Bahaushe ya kama kalmar. Daga nan muka gaji gidan waya, inda ake kai wasiƙa, muka gaji buga waya. Tarho ya zo ya ari sunan, aka ce wayar tarho.

Da MTN da Econet suka fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, sai aka shiga neman sunan da zai bambanta sabuwa da ta girke. Gidajen rediyo suka riƙe salula, wasu suka ce wayar hannu. Wanda ya fi burge ni shi ne tafi-da-gidanka, domin ba sabuwar ƙirƙira ba ce: da ma muna da kotun tafi-da-gidanka da asibitin tafi-da-gidanka. Sai dai ya yi wa baki tsawo, kuma da ta girke ta ɓace daga gidaje, ba sauran abin da za a bambanta. Aka koma waya kawai.

Sauran sunayen a kasuwa aka raɗa su. Ƙaramar waya mai maɓallai da tocila, wadda cajinta ke kwanaki, samari suka sa mata rakani-kashi. Suna ne na raini, alhali ita ce ke riƙe da ƙauyen da babu wutar lantarki. Kuɗin kira har gobe kati ne, ko da ta banki aka saya, ba a kankare komai da farce ba. Lambar mutum layinsa ce. Filashin kuwa magana ce cikakkiya: ƙara ɗaya a katse, wato "kira ni, ba ni da kati", ko "na sauka lafiya". A Maraɗi da Damagaram za ka ji rezo inda Bakano zai ce sabis, kowa da harshen da ya ara.

Sabis ɗin nan shi ne kalmar da ta fi tsaya mini a rai. A birni ba a ambatonsa sai ya ɗauke. A ƙauye kuwa wuri ne da aka sani: kan tudun bayan makaranta, ko gindin wata bishiya. Za ka ga dattijo ya ɗaga waya sama yana juyawa a hankali, idonsa a kan 'yan sandunan da ke kusurwar gilashi, yana jiran ko biyu su fito ya ji muryar ɗansa da ke ci-rani a Legas. Shi ba ya tafiya da gidansa; barin gidan yake yi ya je neman sabis.

A watan Satumban 2021 hukumomi suka katse layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya, don yaƙi da 'yan bindiga. Makonni aka yi a haka. Mutanen Gusau suka riƙa biyan kuɗin mota zuwa maƙwabtan jihohi, ɗan kasuwa don ya ji farashin kaya, uwa don ta sanar da 'ya'yanta cewa tana raye.