Stephen Keshi da Tarihin Kocin Gida a Ƙwallon Ƙafar Afirka

Tun bayan samun 'yancin kai, hukumomin ƙwallon ƙafa na ƙasashen Afirka da dama sun saba da ɗauko koci, wato mai horar da 'yan wasa, daga Turai ko Kudancin Amurka a duk lokacin da babbar gasa ta ƙarato, yayin da ake barin ɗan ƙasa a matsayin mataimaki ko mai riƙon ƙwarya. Najeriya ta ci kofin nahiyar Afirka na farko a shekarar 1980 a hannun Otto Gloria ɗan Brazil, ta ci na biyu a 1994 a hannun Clemens Westerhof ɗan Holan, abin da ya ƙara kafa wannan al'ada a zukatan mahukunta. Rayuwar Stephen Okechukwu Keshi, wanda aka haifa a 1962 kuma asalinsa mutumin Illah ne a Jihar Delta ta yau, tana nuna yadda al'adar take aiki, domin sau biyu ta raba shi da amfanin guminsa kafin ya karya lagonta.

Keshi ya taso a makarantar St. Finbarr's ta Legas, wadda ta yi suna wajen fitar da 'yan ƙwallo, ya taka leda a ƙungiyar bankin ACB, sannan ya koma New Nigerian Bank ta birnin Benin, wadda ta lashe kofin ƙungiyoyin Afirka ta Yamma a 1983 da 1984. Mai tsaron baya ne na tsakiya, gurbin da ke buƙatar mutum ya riƙa hango filin gaba ɗaya yana tsara tsayuwar abokan wasansa da murya, kuma a wannan gurbi ne shugabancinsa ya fara bayyana. A tsakiyar shekarun 1980 hukumar ƙwallon Najeriya ta dakatar da shi tare da wasu abokansa bisa laifin jinkirin isa sansanin atisaye, hukuncin da ya tilasta masa ƙetarawa Kwaddibuwa, inda ya yi wa Stade d'Abidjan da Africa Sports wasa. Daga can ne hanyar Beljiyam ta buɗe masa a 1986, ya fara da Lokeren, bayan shekara guda ya koma Anderlecht, inda ya ci kofin ƙalubale na ƙasar sau biyu da kofin lig a 1991, kafin ya wuce Strasbourg ta Faransa.

Zamansa a Beljiyam ya amfani wasu ban da shi, saboda gidansa ya zama masaukin matasan 'yan wasan Afirka masu neman ƙungiya, kuma shi ne ya taimaka wa Nii Lamptey na Ghana ya shiga Anderlecht yana ɗan yaro. Wannan ɗawainiya, tare da daɗewarsa yana kyaftin na ƙungiyar ƙasa, ita ta jawo masa laƙabin Big Boss, ma'ana babban maigida. Ya buga wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1984 inda Kamaru ta yi nasara, ya sake ganin Kamarun ta ɗauke kofin a 1988, sai a Tunisiya a 1994 ƙungiyar Najeriya ta Super Eagles ta doke Zambiya da ci biyu da ɗaya ya ɗaga kofin, ko da yake rauni da shekaru sun rage masa wasanni a wannan shekara, har wasa ɗaya kawai ya buga a gasar cin kofin duniya ta Amurka.

Da ya ajiye takalmi ya rungumi horarwa, ya zama mataimakin Shu'aibu Amodu, kuma su ne suka ceto Najeriya daga halin rashin tabbas suka samar mata gurbi a gasar duniya ta 2002, amma da ƙungiyar ta ƙare a matsayi na uku a gasar Afirka ta Mali aka sallame su watanni kaɗan kafin tafiya gasar duniyar. Tarihi ya maimaita kansa a Togo, ƙasar da ya karɓa a 2004 ya kai ta gasar duniya karo na farko a tarihinta, daga rukunin neman gurbi da ya ƙunshi Senegal wadda ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar duniya ta 2002. Bayan Togo ta sha kashi a wasanninta uku a gasar Afirka ta Masar a farkon 2006, ga kuma saɓani tsakaninsa da tauraron ƙungiyar Emmanuel Adebayor, sai aka miƙa ragamar ga Otto Pfister Bajamushe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Aikin da ya yi a Mali daga 2008 ya ƙare a 2010, bayan an fitar da ƙasar a zagayen rukuni na gasar Afirka a Angola.

Najeriya ta kira shi a ƙarshen 2011, bayan ta kasa samun gurbi a gasar Afirka ta 2012, kuma hanyar da ya bi ta saɓa wa abin da aka saba. Ya buɗe sansani na musamman ga 'yan wasan lig na cikin gida, waɗanda a da ake ɗauka cikon benci ne, ya ajiye wasu fitattun da ke Turai, ya tafi gasar Afirka a Afirka ta Kudu a 2013 da 'yan gida shida cikin tawagar mutum 23. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa ta su Didier Drogba da ci biyu da ɗaya, kuma bayan an lallasa Mali da ci huɗu da ɗaya, wasan da Ahmed Musa tsohon ɗan wasan Kano Pillars ya jefa ƙwallo a cikinsa, Mba ɗin ne ya sake cin ƙwallo ɗaya tilo a ragar Burkina Faso a Johannesburg ranar 10 ga Fabrairu. Da haka Keshi ya zama mutum na biyu da ya ci kofin yana ɗan wasa kuma yana koci, bayan Mahmud al-Gohari na Masar, wanda ya yi hakan a 1959 da 1998.

Nasarar ba ta gyara tsakaninsa da hukuma ba. Washegarin wasan ƙarshe ya bayyana murabus, sai da manyan gwamnati suka sa baki ya janye, kuma a cikin shekarar ya yi watanni yana bin bashin albashi. Duk da haka ya kai Najeriya gasar duniya ta Brazil a 2014, wannan karon yana zaune a bencinsa, inda ƙungiyar ta tsallake rukuni a karo na farko tun 1998, kafin Faransa ta fitar da ita da ci biyu da nema. Rashin samun gurbi a gasar Afirka ta 2015 da taƙaddamar kwantiragi suka kai ga korarsa a watan Yulin 2015, kuma ya rasu a birnin Benin a watan Yunin 2016 yana da shekara 54, watanni shida bayan rasuwar matarsa, kwanaki kaɗan kafin Amodu shi ma ya riga mu gidan gaskiya.

Keshi ya sha faɗa a fili cewa ba ya ƙin ƙwararren koci Bature, abin da yake ƙi shi ne a fifita baƙon da bai fi ɗan gida sani ba, a ba shi albashi da haƙurin da ake hana ɗan ƙasa. Abin da ya biyo bayansa ya ƙarfafa wannan hujja, domin kocin gida ne ya ci kofin Afirka sau uku a jere: Djamel Belmadi da Aljeriya a 2019, Aliou Cissé da Senegal a 2022, da Emerse Faé da Kwaddibuwa a 2024, dukkansu tsofaffin 'yan wasan ƙasashensu. A Asaba, babban birnin jiharsa, filin wasan da ke ɗauke da sunansa ya karɓi baƙuncin gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta Afirka a 2018.