Mezzo-soprano: Matsakaiciyar muryar mace, daga dandalin opera zuwa kiɗan ƙwarya

Mezzo-soprano suna ne da masana kiɗan Turai suka ba muryar mace wadda ba ta kai ƙololuwar sirantaka ba, ba ta kuma gangara can ƙasa ba. Kalmar daga Italiyanci take, inda “mezzo” ke nufin rabi ko tsakiya. Ko da yake sunan baƙo ne, muryar kanta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa.

Matsayinta a cikin muryoyi

Turawa sun kasa muryar mata gida uku: soprano a sama, contralto a ƙasa, mezzo-soprano a tsakani. Bambancin yana farawa ne daga tantanin maƙwallato, wanda iskar huhu ke kaɗawa idan mutum ya yi magana ko waƙa. Gwargwadon tsawonsa da kaurinsa, gwargwadon yadda murya ke yin ƙasa. A ƙiyasin da aka saba, mai matsakaiciyar murya tana rera waƙa daga sautin da tantanin ke karkarwa sau 220 a daƙiƙa ɗaya har zuwa sau 880.

Tsayin da murya ke iya kaiwa ba shi kaɗai ake dubawa ba. Malaman waƙa suna lura da inda mawaƙiya ta fi sakewa ba tare da ta takura maƙogwaronta ba, da kuma nauyin amonta, abin da Bahaushe zai kira garɗin murya. Ta haka suka sake raba ta uku: mai saurin lanƙwasa, mai taushi, da mai nauyi wadda ke iya ratsa ƙarar makaɗa masu yawa.

Rawar da ake ba ta a opera

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera zantukansa da rakiyar kiɗa, kuma a Italiya ya samo asali wajen shekarar 1600. A bisa al’ada, mai siririyar murya ce ke fitowa a matsayin budurwar da labari ya dogara a kanta. Mai matsakaiciyar murya kuwa ita ake ba rawar kishiya, uwa, matsafiya, ko ma saurayi ɗan yaro, kamar Cherubino a wasan Mozart na 1786. A wasan Aida na Verdi, wanda aka fara nunawa a Alƙahira a 1871, ita ce Amneris, ’yar sarkin Masar da kishi ya ci zuciyarta. Carmen na Bizet, da aka fara nunawa a Paris a 1875, yana cikin ’yan wasannin da suka ɗora ta a gaba, a matsayin ma’aikaciyar masana’antar taba da ta ƙi yarda wani namiji ya mallake ta.

Muryar ta taɓa shiga rikicin launin fata. A 1961 Grace Bumbry, Ba’amurkiya mai shekara 24, ta zama baƙar fata ta farko da ta rera waƙa a bikin Bayreuth na Jamus. An yi ta ƙorafi kafin ta hau dandali, amma Wieland Wagner, jikan mawallafin kiɗan da aka kafa bikin dominsa, ya tsaya kai da fata a kan zaɓinsa. Da ta kammala, jama’a sun shafe kimanin rabin sa’a suna tafi.

Muryar da ke ɗauke da magana

Akwai dalilin da ya sa wannan murya ta dace da Hausa. Binciken ilimin sauti ya nuna cewa idan murya ta yi sama ƙwarai, wasula kan saje da juna, har mai sauraro ya kasa tantance kalmomi. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti da dogayen wasula da gajeru, inda kuskure kaɗan ke juya ma’ana. Waƙar Bahaushe ta dogara ne a kan abin da aka faɗa: yabo, zambo, habaici, wa’azi. Saboda haka zabiya ta fi zama a tsakiyar muryarta, inda kowace kalma ke fita sarai, ta bar ƙololuwa ga mai guɗa, wadda aikinta ba ya buƙatar kalma.

Tarihin yankin Sakkwato da Gwandu ya nuna nauyin da aka ɗora wa irin wannan murya. Nana Asma’u (1793–1864), ’yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda baffanta Malam Abdullahi ya riƙi Gwandu, ta kafa tsarin ’Yan Taru. Ta horar da dattijan mata da ake kira jaji, suka riƙa haddace waƙoƙinta na Hausa da Fulatanci suna koyar da matan karkara. Muryar mace ce ta zama makarantar waɗanda ba su iya karatu ba, kuma darasin ba zai isa ba sai an ji kowace gaɓa. A garuruwan wannan yanki, irin su Kambaza da Kalgo, waƙoƙin daka da niƙa da reno da na gaɗa su ne inda yarinya ke fara sanin muryarta.

A zamanin baya-bayan nan, misalin da ya fi fitowa fili shi ne kiɗan amada, wanda mata ke yi da ƙore. Uwaliya Mai Amada ta Kano da Hajiya Sa’adatu Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ba da sirantakar murya suka yi suna ba. Muryar Barmani mai kauri ce, daga tsakiya zuwa ƙasa, kuma da ita ta yi wa mata kiran su kama sana’a, ta taɓo zaman kishi ba tare da kunya ba.

Abin da kasuwa ta sauya

Bayan da finafinan Hausa suka kankama a Kano daga 1990, wani salo ya mamaye kunnuwa. Masu shirya fim sun tashi da kallon finafinan Indiya, inda siririyar murya irin ta Lata Mangeshkar ta zama ma’aunin zaƙi. Mawaƙan situdiyo mata, irin su Fati Nijar da Maryam A. Baba, sun shahara a wannan fage, inda sau da yawa fuskar ’yar wasa ake gani, muryar wata ake ji. Manhajar gyaran murya ta kwamfuta ta ƙara daidaita muryoyi har suka riƙa kama da juna. A can gida kuma, injin niƙa ya rage zaman dutse da turmi, waƙoƙin da ke tafiya da su suka ja baya.

Wannan sauyi yana da tsada ta fuska biyu. Mawaƙiyar da halittarta ta tsakiya ce, idan ta daɗe tana matsa maƙogwaro don ta kai inda ba nata ba, tana iya jawo wa tantaninta kumburi da dushewar murya. Al’umma kuma tana rasa salon da mata suka daɗe suna faɗar ra’ayinsu da shi a bainar jama’a. Turawa sun rubuta kiɗansu a takarda, shi ya sa har yau ake rera Carmen bayan shekara 150. Waƙoƙin zabiyoyin karkara kuwa a ƙwaƙwalwar masu su suke. Naɗar su da adana su aiki ne da ke jiran gidajen rediyo, sassan Hausa na jami’o’i da hukumomin raya al’adu na jihohi, tun tsofaffin da suka riƙe su suna raye.