Yadda Aka Samo Maganin Sankarar Bakin Mahaifa

Maganarmu ta yau a kan sankarar bakin mahaifa ce, watau cutar daji wadda takan kama mata. A da, in ta kama mace, ba abin da ake yi sai jinya da haƙuri. Ku saurara ku ji yadda aka yi har aka sami magunguna iri huɗu, da irin wadda kowanne yake yi wa amfani.

Na fari shi ne aiki. A shekarar 1898 wani likita mai suna Ernst Wertheim, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya soma fid da mahaifa duka tare da naman da ke kewaye da ita. Har yau ana yin wannan aiki, amma sai in cutar ba ta yaɗu ba. Wadda aka yi wa, ba ta ƙara haihuwa.

Na biyu shi ne gashi. A cikin wannan shekara dai, a Faransa, Marie Curie da mijinta suka gano wani sinadari, radiyam, mai fid da haske wanda ido ba ya gani. Ba da daɗewa ba likitoci suka ga hasken nan yana kashe sankara. Yanzu da na'ura ake yi, daga waje da kuma ta ciki. Tun 1999 kuwa akan haɗa shi da magani na uku, wanda ake ɗurawa ta jijiya, gama an tabbatar su biyun tare sun fi ƙarfi. Wannan shi ake yi wa wadda cutarta ta girma. Akwai sashensa a asibitin koyarwa na Shika, kusa da Zariya.

Na huɗu ya fi duka sauƙi. A 1943 Likita Papanicolaou na Amurka ya buga littafi, ya nuna ana iya ganin alamar cutar da madubin likita tun shekaru kafin ta zama sankara. Yanzu ma'aikaciyar lafiya takan shafa ruwan tsami a bakin mahaifa, wurin da ya soma ɓaci sai ya yi fari. Sai a ƙone shi da ɗan ƙarfe mai zafi, ko a daskarar da shi. Ba kwanciya asibiti, mahaifa kuma tana nan, mace ta ci gaba da haihuwarta.

A 1983 wani Bajamushe, Harald zur Hausen, ya gano ƙwayar HPV wadda ke kawo cutar, ana ɗaukarta wurin saduwa. Aka sami allurar rigakafi a 2006. A watan Oktoba 2023 ne aka soma yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a Jihar Kano.

To, ke uwargida ta Kurugu, ko Ƙaraye, ko Rogo, in kin ga jini bayan saduwa, ko jini bayan kin daina haila, ko ruwa mai wari, kada kunya ta hana ki faɗa wa malamar asibiti. In ta ba ki takarda zuwa Kano, ki tafi. Ki tambayi likita inda cutar ta kai, da maganin da ya dace da ke.

Kai kuma maigida, ka ba ta izini da kuɗin mota tun yau, kada ka jira kaka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu lafiya, amin.