Kwalli: Tarihinsa da Abin da Ake Yin Sa da Shi

Kwalli, wanda wasu ke kira tozali, gari ne mai baƙi-baƙi da ake zizarawa a gefen ido. Larabawa suna ce masa kuhul, Yarabawa tiro, a Indiya da Pakistan kuma surma ko kajal. Ba da abu ɗaya ake yin sa ba, kuma ido ba ya iya bambance wannan da wancan.

A Masar aka fi samun tsohon tarihinsa. Tun kafin zamanin Fir'aunoni, wajen shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen yankin Badari suna binne mamatansu da faifan dutse na niƙa kwalli. Iri biyu Masarawan dā suke da shi. Koren daga dutsen malakayit yake, mai tagulla a ciki, wanda ake haƙowa a Sinai. Baƙin kuwa, da suke kira mesdemet, daga galena ne, dutse mai nauyi da walƙiya wanda dalma da farar wuta suka haɗu suka yi, ana samo shi a Jabal Zait kusa da Bahar Maliya. A hankali baƙin ya ture koren. Maza da mata da yara duk suna sawa, don ado da kuma kare ido daga ƙyallin rana da ciwo.

Gwanintar mutanen nan ta wuce niƙa dutse. Masana a Faransa sun binciki ragowar kwallin da ke gidan tarihi na Louvre, suka bayyana a 1999 cewa akwai sinadarai biyu a ciki, loriyonayit da fosjenayit, waɗanda da wuya a same su a ƙasa. Masarawa ne suka haɗa su da hannunsu, ta hanyar jiƙa garin dalma da gishiri a ruwa na tsawon makonni.

A ƙasar Larabawa ismidi ne ya yi suna, kuma hadisai sun yabe shi. Asalinsa dutsen antimoni ne da farar wuta. Indiyawa kuwa sukan kifa faranti a kan fitila, su kankare baƙin hayaƙin, su kwaɓa da man shanu.

A ƙasar Hausa dutse ake saya a wurin 'yan koli, a niƙa shi lukui, a zuba a tandu. Amarya da jariri da dattijo mai shirin masallacin Juma'a duk suna da rabo a ciki. Ana haƙo galena a Najeriya, a wajejen Abakaliki da kwarin Binuwai.

Matsalar ita ce da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan ismidi galena ne, don duwatsun biyu sun yi kama ƙwarai. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) ta ba da labarin wani jariri a Boston da aka samu dalma a jininsa, kuma tiron da aka kawo masa daga Najeriya kashi 82.6 cikin ɗari dalma ne. Yaro yakan murza ido ya kai hannu baki, dalma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwa tun ba a ga alama ba. Amurka ta hana shigar da kwalli ƙasarta. A kasuwanninmu har yau ba a rubuta abin da ke cikin ƙullin da uwa take saya wa ɗanta.